Kawu Ilu da Mandolin Mai Barewa

Kafin mu tsallake gadar Kusiri mu shiga Njamena, babu mutum ɗaya a motarmu da bai san cewa mandolin mai tambarin barewa ta fi kowace mandolin a duniya ba. Kawu Ilu ne ya sanar da su. Ya gaya wa direba, ya gaya wa wata mai goyo da ke neman wurin sa ƙafa, har jandarman Kamaru da ya leƙo ta taga bai tsira ba, alhali mutumin ko "sannu" ba ya ji da Hausa. Abin da Kawu bai faɗa musu ba shi ne, a duk rayuwarsa yammaci ɗaya tak ya taɓa riƙe abin a hannunsa.

Ni tela ne, haifaffen Gyadi-Gyadi a Kano, sunana Habu. A shekarar da sojoji suka koma bariki, farar hula suka karɓi mulki, na ji labarin ana neman masu aikin wuyan riga a Umdurman ta ƙasar Sudan, na ce bari in je in gwada sa'ata. Inna ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba, sai da babba. Shi ne ta haɗa ni da ƙanenta, Kawu Ilu, don ya riƙa sa mini ido. Allah ya jiƙan Inna, har ta bar duniya ba ta san wanda ya sa wa wani ido a tafiyar nan ba.

Kawu makaɗin gurmi ne, gado ya yi wurin mahaifinsu. A da ba a biki a Gyadi-Gyadi ko Tarauni ba tare da an aiko masa da goro ba. Sai ga samarin fiyano sun ɓullo, kowanne da lasifika kamar akwatin lefe. Siyasa ta buɗe, kullum ana biki ana walima, amma Kawu yana zaune a ƙofar gida yana kallon 'yan acaɓa suna wucewa. Bikin ƙarshe da aka kira shi na 'yar wani sabon kansila ne a Unguwar Gano. Aka shimfiɗa masa tabarma a gefe, aka ajiye masa kwanon shinkafa, aka ce ya jira, in wuta ta ɗauke sai ya ɗan riƙe mutane kafin ta dawo. Wutar kuwa ta ɗauke. Kawu ya miƙe, ya gyara hula, ya ɗaga gurmi, sai ga janareta ya tashi. Ya dawo gida bai taɓa tsirkiya ba, shinkafar ma bai ci ba. Ranar na ga babban mutum yana share ido da hannun riga, kuma abin ya tsaya mini a rai.

Ana cikin haka ya haɗu da mandolin. Akwai wani dattijo a Tarauni, Baba Etim, mutumin kudu, tsohon ma'aikacin gwamnati, ni nake masa ɗinki. Wata rana Kawu ya raka ni kai masa kaya, sai ya hango wani abu rataye a bangon falo: ciki kamar rabin gwanda, fuska ta katako mai sheƙi, gajeren wuya, tsirkiya takwas ta waya, a kansa kuma an zana 'yar barewa. Baba Etim ya ce a cocinsu yake kaɗa ta, kuma a hannun wani ɗan Sudan ya saya tun yana saurayi. Ya sauko da ita ya miƙa wa Kawu. Tun daga la'asar har kiran magariba Kawu yana fama, har ya samo kan wani kiɗan noma da ya saba yi da gurmi.

Da muka fito ya tsaya cak a bakin titi ya ce, "Habu, ka ji murya? Kamfanin barewar nan ba su da na biyu. In na samu irin wannan, yaran fiyano sai dai su koma sayar da rake."

Na ce, "Kawu, ka taɓa jin ta wani kamfanin ne?"

Ya ce, "Ina ruwana da wani kamfani? Kunne nake da shi, ba kasuwa ba."

Saboda haka da Inna ta ce ya raka ni Sudan, ko gardama bai yi ba. Ni neman aiki ya fitar da ni, shi kuwa abin da zai sa a sake sauraren kiɗansa ya fita nema.

A Njamena muka sauka gidan wani fatoma Bahaushe da ke saukar da baƙi, muna jiran motar gabas. Nan wani dillali mai haƙorin Makka ya ji Kawu yana wa'azin barewa, ya matso da tabarmarsa. Ban taɓa ganin mai sauraro irinsa ba. Ya tambayi Kawu barewar a tsaye take ko gudu take yi, gabas take kallo ko yamma, ƙahonta dogo ne ko gajere. Kawu ya ji daɗi ya samu mai ilimi, ya zayyana masa komai, har da zane a ƙasa da tsinke. Dillali ya gyaɗa kai ya ce, "Ikon Allah! Malam Ilu, ai irinta ce aka sauke daga jirgi jiya. Gobe da hantsi zan kawo maka."

Ya kawo kuwa, a naɗe cikin tsumma. Mandolin ce, wannan ba ƙarya, sai dai ta ga duniya. Barewar da ke kanta kuma, in ka cire son rai, akuya ce. Na ɗora babban yatsana a kai, ya fito da baƙin fenti.

Na ce, "Kawu, fentin nan ɗanye ne."

Ya ce, "To ba an ce maka jiya aka sauke ta ba?"

Dillali ya ce shi ba ya son ya wahalar da baƙo, ba sai an yi maganar ciniki ba. Akwai wani Bature mai tara kayan gargajiya, in Kawu zai bayar da tsohon gurmin nan da babbar rigarsa ta Juma'a, shi zai rufe ido ya yi asara. Na ja Kawu gefe na roƙe shi da girman Allah, na tuna masa gurmin kakana ne. Ya shafa ƙwaryar gurmin, ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Shi ya zaunar da ni kan tabarma a gefe." Ya miƙa. Kafin in buɗe baki dillali ya sha kwana, kuma fatoma ya rantse bai taɓa ganin fuskarsa ba, alhali tare suka ci tuwo.

Daga Njamena zuwa Abashe a saman babbar mota muka tafi, kan buhunan albasa, mu da wasu Larabawan Chadi masu rawani da wuƙa a dantse. A nan ya kamata in yi wani bayani. Duk wanda ya tashi gidan makaɗa ya san fata ba ta son sanyi. Gurmi ko kalangu ko kotso, in ya kwana ya sha raɓa, fatar sai ta saki, muryar ta mutu. Maganin kuwa sananne ne: a shanya shi a rana, ko a kanga shi a wuta, har fatar ta ɗaure ta fara amsawa. Abin da na buɗe ido na ga ana yi a gidanmu ke nan. Don haka da Kawu ya kaɗa sabuwar amaryarsa da safe ya ce sanyin hanya ya kama ta, ya kwantar da ita a kan tamfol tana kallon sama, ban ga wani abin magana ba. Har ni nake matsar masa da ita in inuwar wani ta rufe ta.

Ranar Chadi kuwa ba irin tamu ba ce, ta Kano ƙanwarta ce. Ba a jima ba wuyan mandolin ya fara lanƙwashewa, wayoyin suka yi sama har kana iya zura yatsa a ƙarƙashi. Kawu ya ce ranar ba ta ishe ta ba, ya ƙara mata. Da muryar ta koma kamar ta kyanwar da aka taka wa wutsiya, ya kama kunnuwan ɗaure waya yana murɗawa, yana murɗawa, sai ji muka yi tau! Waya ta tsinke ta zabga wa wani Balarabe a kunne. Mutumin ya dafe kunne da hannu ɗaya, ɗayan ya kai kan wuƙa. Ni dai na fara kalmar shahada. Kawu ya ɗaga mandolin ya nuna masa akuyar da ke kai, yana girgiza kai cikin baƙin ciki, wato ga mai laifi nan. Balaraben ya dubi akuya, ya dubi Kawu, sai ya fashe da dariya har rawaninsa ya warware.

Shi ne kuma ya cece mu da motar ta lalace a wani fili da ko tsuntsu ba ya giftawa. Ruwanmu ya ƙare, guzurin Inna ya ƙare. Mutumin nan da ban san sunansa ba har yau ya riƙa raba dabinonsa uku, ya ba mu salkarsa mu sha kafin shi. A filin nan na yi kewar gida irin wadda ban san akwai ba. Na rufe ido ina jin ƙarar motocin titin Zariya, ina jin ƙamshin ƙosan bakin layinmu, har faɗan da maƙwabta ke yi a kan famfo sai na ji ina marmarinsa. Na juya don in ga ko Kawu ma haka yake ji, na tarar yana nazarin wuyan mandolin da ido ɗaya a rufe.

Ya ce, "Na gano matsalar. Kamfanin barewa sun lalace. Ta Baba Etim aikin uban ne. Uban ya mutu, 'ya'ya suka karɓa, ka san yaran yanzu."

Na ce, "Kawu, wa ya gaya maka uban ya mutu?"

Ya ce, "Ga aikin nan a gabanka. Mai rai zai bari a fitar da wannan?"

A kan iyakar Chadi da Sudan muka maƙale. Jami'an suka ce takardunmu ba su cika ba, ba su kuma faɗi abin da ya rage ba. Kullum mu je, kullum a ce gobe. Na riƙa yi wa direbobi facin riguna da allura don mu samu na abinci. Akwai wata mai shayi a gindin bishiya, Hawwa, wadda ba ma jin yarenta ba ta jin namu. In ta ga mun zauna shiru sai ta turo mana shayi da wata siririyar gurasa mai tsami, in na miƙa hannu aljihu ta harare ni.

A rumfarta wani direba ɗan Sudan yakan zauna da la'asar yana kaɗa mandolin, tasa mai tambarin jirgin ruwa. Kawu ya yi ta zagaye shi kamar kaza ta ga tsaba, har mutumin ya gane, ya yi murmushi ya miƙa masa. Kawu ya ɗan taɓa, bai fi a sha kofin shayi ba, ya taɓe baki.

Ya ce mini, "Mai jirgi ba ta kai ba. Akwai murya a ciki, amma a kwance take. Bawan Allan nan bai san yadda ake kula da kaya ba. Bari in taimake shi."

Kafin in ankara ya isa kurfotin Hawwa, ya ɗaga mandolin ɗin mutane a kan garwashi yana juya ta kamar mai gasa masara. Ihun da direban ya yi, na tabbata an ji shi a ƙasashen biyu. Ya yi tsalle ya ture kofuna, ya fizge abarsa ya rungume, sannan ya shaƙe wuyan rigar Kawu. Kawu kuwa yana ta bayani da Hausa, yana ɗaga murya, don a ganinsa duk wanda bai gane Hausa ba rashin ƙarfin murya ne. Mutane suka taru, jami'in kan iyaka ya zo da kulki. Ni ban da "Malam, haƙuri" ba abin da nake iya faɗa.

Hawwa ce ta raba. Ta shiga tsakani, ta nuna Kawu, ta ɗora yatsa a gefen kanta ta juya shi, sannan ta nuna ni ta yi alamar mai jan akuya da igiya. Nan take fuskoki suka sauya. Direba ya saki riga, har da gyara wa Kawu wuya. Jami'in ya dafa kafaɗata cikin tausayi, ya karɓi takardun nan da aka ce ba su cika ba, ya buga musu hatimi, yana nuna gabas yana maimaita wata kalma da daga baya na gane asibiti take nufi. Haka muka shiga Sudan, ni mai jinya, Kawu majinyaci.

Kawu bai san abin da ya faru ba, ni kuma ban ga amfanin gaya masa ba. Da muka hau mota ya ce, "Ka gani ko? Shi kansa ya san kayan mai jirgi ba sa jure gwaji, shi ya sa ya hana." Tasa mai akuya a lokacin ta riga ta rabu biyu. Ya bar wa Hawwa cikin don godiya, kuma kafin motarmu ta tashi na hango ta tana zuba citta a ciki.

Tafiyar jirgin ƙasa daga Nyala ba zan so wa maƙiyina ita ba. A kan rufin tarago muka zauna, jirgin yana tafiya kamar wanda aka yi wa dole, in ya ga dama ya tsaya a daji ya huta. Amma ba yunwa ko rana ce ta fi damuna ba, shirun Kawu ne. Tun da na san shi ban taɓa ganin hannunsa babu abin kiɗa ba. Yanzu ga shi zaune, ba gurmi, ba mandolin, ba babbar riga, yatsunsa suna motsi su kaɗai a kan gwiwa. Na ji tsoro ƙwarai kada in koma wa Inna da mutumin da ba shi ne ta ba ni ba.

A Umdurman na tarar labarin aikin wuya ƙanzon kurege ne. Mutanen can farar jallabiya suke sawa, ɗinki miƙe, ba ado. Wani mai shagon ɗinki, dattijo mai sanyin hali da kowa ke kira Ammu Bashir, ya ɗauke ni, ya bar mu muna kwana a bayan shago. Kawu aka ba shi dutsen guga. Mutumin da ya yi wa attajirai kiɗa suna masa liƙi, ga shi yana hura gawayi yana goge jallabiyar wasu.

Mai yi mana tafinta wani tsoho ne, Malam Haruna, da ke zuwa shagon hira. Bahaushe ne, amma bai taɓa ganin ƙasar Hausa ba. Kakanninsa sun fito aikin hajji a ƙafa suka yada zango a nan, zangon ya zama gari. Irinsu unguwa guda ne. Da ya ji Kawu makaɗi ne daga Kano sai ya riƙe hannunsa da hannu biyu.

Ya ce, "Malam Ilu, ranar Juma'a ake bikin jikata. Don Allah ka zo ka yi mana gurmi. Tun da tsohon da ke mana ya rasu ba mu sake ji ba."

Kawu ya ce, "Gurmi ai zamaninsa ya wuce, Malam. Ni yanzu mandolin nake kaɗawa."

Malam Haruna ya ce, "To ina take?"

Kawu ya ci gaba da guga.

Ammu Bashir ya tambayi abin da ake cewa, aka fassara masa. Ya shiga gida, ya fito da wani akwati mai ƙura. Mandolin ce a ciki, mai tambarin tauraro, ja kamar man ja. Ya ce da ita ya yi samartaka, amma tun da ya yi aure maiɗakinsa Hajja Nafisa ta ce ko ita ko abin nan, shi ne take ƙarƙashin gado. In Hajja ta yi tafiya yakan fito da ita ya share. Ya ce Kawu ya riƙe har bayan biki.

Ni ba makaɗi ba ne, amma da Kawu ya taɓa ta sai da tsigar jikina ta tashi. Shi kuwa ya karkata kai ya ce, "Mai tauraro da dama-dama. Ba ta kai barewa ta asali ba, amma ta fi mai jirgi. Daɗewa a ƙarƙashin gado ne ya sa mata sanyi."

A lokacin na fara haɗa ɗaya da biyu. Na ce, "Kawu, don Allah kada a shanya wannan. Ina jin abin nan ba ya son rana."

Ya ce, "Habu, na taɓa koya maka zura zare a allura?"

Na ce a'a.

Ya ce, "To."

Na ɗauka na gama nawa, na sa ido kwana biyu. Rana ta uku aiki ya yi mini yawa, kaina yana kan keke tun hantsi. Ana gab da azahar muka ji ɓas! daga sama, kamar an harba bindiga, tantabarun unguwa suka tashi gaba ɗaya. Na fita da gudu na tarar da Kawu a kan tsani, yana kallon rufin kwano inda ya shanya mai tauraro. Fuskar mandolin ta ɓalle ta nannaɗe kamar ganyen da ya bushe, wayoyi sun yi cirko-cirko, ɗan katakon da suke hawa kuwa sai a gidan maƙwabta aka tsinto shi.

Ammu Bashir ya karɓe ta a hannu biyu kamar gawar jariri. Can ya tambayi dalili, Malam Haruna ya fassara, Kawu ya yi bayanin fata da raɓa da rana tiryan-tiryan. Dattijon ya saurara har ƙarshe, sannan ya ƙwanƙwasa abin da ya rage na fuskar da yatsa ya yi magana a hankali.

Malam Haruna ya ce, "Ya ce wannan katako ne da gam, ba fata ba. Rana narkar da gam take yi. Ya ce ko a mota ba a barin ta."

Kawu ya dubi mandolin, ya dubi rana, ya dube ni. Na ga lissafin Chadi da kan iyaka yana wucewa a fuskarsa. Sai ya ce, "To me ya hana su rubuta a jiki?"

Na ce, "Kawu, ko sun rubuta, ka iya karatun boko ne?"

Ya shiga bayan shago ya zauna yana fuskantar bango. Ni kuma na fara haɗa 'yan tsummokaranmu, don na san korarmu za a yi, kuma ban ga laifin wanda zai kore mu ba. Ina cikin ɗaure ƙunshi sai na ji guɗa daga cikin gida. Jim kaɗan sai ga faranti kamar murfin rijiya, da nama da wake da gurasa, wai in ji Hajja Nafisa, a kai wa baƙon Kano, Allah ya yi masa albarka, abin da ta yi shekaru tana roƙo ya yi shi a wuni ɗaya. Ammu Bashir ya dubi farantin, sai dariya ta ƙwace masa. Ya yi ta yi har hawaye suka zubo, kuma ba duka hawayen ne na dariya ba, kowa ya gani. Ya ɗauki gawar mandolin ya je ya ajiye a cinyar Kawu, ya dafa kansa, ya koma kan kekensa.

Kawu bai ci naman ba. Ya wuni yana juya abin a hannu, yana ƙwanƙwasa cikin, yana kara kunne. Washegari da sassafe ya ja Malam Haruna suka tafi kasuwar 'yan fata, ya dawo da fatar damo. Ya ɓamɓare sauran katakon fuskar, ya jiƙa fatar, ya ja ta a bakin cikin nan mai kama da gwanda, ya bi ta da ƙananan ƙusoshi. Wayoyi takwas ya mayar da su uku, ya ce sauran biyar ɗin surutu ne kawai. Ya sassaƙa ɗan katako ya ɗora. Sannan, a gaban kowa, ya ɗauke ta ya fita tsakar rana ya shanya. Ammu Bashir ya rufe ido da tafin hannu.

Da ya ɗauko ta ya taɓa, sai na ajiye almakashi. Ba mandolin ba ce, ba kuma gurmi ba ne sosai, amma muryar gidanmu ce. Kawu ya gyaɗa kai ya ce, "Mai tauraro kamfani ne mai kyau. Ba su ƙarasa aikin ba ne kawai."

Ranar Juma'a bayan la'asar muka je unguwar su Malam Haruna, Kawu sanye da aron jallabiya da ta yi masa yawa. Ya zauna a tsakiyar fili ya fara da kiɗan noma. Sai wata tsohuwa da aka fito da ita a kan kujera, yayar Malam Haruna, ta ɗaga hannu ta ce a tsaya. Ta ce da wannan kiɗan uwarta take daka, da baki take yin sa, ita ba ta taɓa sanin akwai shi a jikin wani abu ba. Ta ce a sake daga farko. Kawu ya sake. Tsohuwar nan ta dafa sanda ta miƙe, mata suka ɗauki guɗa, tsofaffin da ba su san hanyar Kano ba suka shiga fili suna kuka suna rawa. Na dubi Kawu, idonsa a rufe, gumi yana zuba, hawaye suna bin kumatunsa. Ni ma ban tsaya ɓoye nawa ba.

Ban yi shekara a Umdurman ba. Ɗinkin jallabiya bai karɓe ni ba, kewar gida kuma ta ƙi sakina. Da na tara na mota na ce wa Kawu ya shirya mu koma. Ya ce to. Ranar tafiya ya rako ni tasha, ya ɗauko mini jaka, amma shi ba ƙunshi a hannunsa sai abin kiɗansa a rataye.

Na ce, "Kawu, ina kayanka?"

Ya ce, "Ka yi gaba, Habu."

Na ce, "Tare muka fito. Me zan ce wa Inna?"

Ya sosa ƙeya, yana kallon ƙasa kamar yaron da aka kama. Ya ce, "Ka ce wa Yaya ina da aiki ranar Juma'a."

Na ce, "To sai in jira ka, mu tafi Asabar."

Ya ce, "Asabar akwai suna. Lahadi kuma mutanen tsallaken kogi sun riga sun kawo goro."

Ya faɗi haka yana ƙoƙarin ɗaure fuska, amma murmushin ya ƙi ɓoyuwa. Na rungume shi, na hau mota ni kaɗai.